Sule Biyar da Shekara Bakwai: Yadda Ingila ta Mai da Ɓarayinta Ma'aikatan Daula

A watan Disamba na 1783 aka gurfanar da wani yaro mai suna John Hudson a gaban kotun Old Bailey da ke Landan. Shekarunsa tara, maraya ne, sana'arsa kuwa shiga bututun hayaƙin gidajen masu hali yana share kunkunniya. An tuhume shi da fasa gida da ɗaukar riga ɗaya, da safa biyar ta siliki, da ƙaramar bindiga, da ƙyallayen ɗaurawa biyu, waɗanda duka kuɗinsu bai wuce sule 22 ba. Da an tabbatar masa da fasa gida cikin dare, da rataya ce hukuncinsa. Sai aka kama shi da laifin sata kawai, aka yanke masa hukuncin kora zuwa ƙetaren teku na shekara bakwai. Ya shafe fiye da shekara uku a tsare, domin a lokacin gwamnati ba ta da inda za ta kai shi. A 1787, yana ɗan shekara 13, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa wata ƙasa da ko alƙalin da ya yanke masa hukunci bai taɓa tunaninta ba.

Hudson ɗaya ne daga cikin mutane kimanin 162,000 da Birtaniya ta kwasa zuwa Ostareliya tsakanin 1788 da 1868, bayan wasu kimanin 50,000 da ta riga ta tura Amurka. Mafi yawansu laifin sata aka kama su da shi. An saba ba da wannan labari a matsayin labarin doka mai tsanani, kuma lallai dokar ta yi tsanani. Amma wanda ya bi tarihin daki-daki zai ga cewa alƙali shekaru kawai yake ambatawa. Ko mutum zai isa da rai, da irin rayuwar da zai tarar, da ma tsawon zamanin da tsarin ya yi, duk sun rataya ne a kan wanda yake bukatar ƙarfin wannan fursuna, da kuma yadda aka rubuta kwangilar ɗaukarsa.

Doka mai auna rai da sule

A ƙarshen ƙarni na 17 laifuffukan da ake kisa a kansu a Ingila kusan 50 ne. Kafin farkon ƙarni na 19 sun haura 200, kuma galibinsu sun shafi dukiya. Majalisar da ke yin dokokin ta masu filaye da attajirai ce, ƙasar kuma ba ta da rundunar 'yan sanda irin ta yau, don sai a 1829 aka kafa ta Landan. Tunanin masu mulki shi ne, tunda kama ɓarawo yana da wuya, to wanda aka kama a yi masa abin da zai firgita saura.

Ma'aunin kuwa kuɗi ne, irin kuɗin nan da kakanninmu suka sani a zamanin Turawa: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Wanda ya zare abin da ya wuce sule ɗaya daga aljihun wani ba da saninsa ba, kisa. Wanda ya ɗauki kayan sule biyar a kanti a ɓoye, kisa. Wanda ya saci kayan sule 40 a cikin gidan zama, kisa. Wanda aka yi wa satar shi ne ke shigar da ƙara, shi ke kawo shaidu. Shari'a takan ƙare cikin 'yan mintoci, kuma har zuwa 1836 lauyan wanda ake tuhuma da babban laifi ba shi da ikon yi wa masu yanke shawara jawabi a madadinsa.

Masu yanke shawarar nan, mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin 'yan gari, waɗanda ake kira juri, su ne suka riƙa sassauta dokar ta bayan fage. Sau da yawa a kawo musu kayan fam biyar ko goma, su rantse cewa kuɗinsa sule 39 ne, don kada su ɗauki alhakin rai. Alƙalai ma sukan nema wa mutane afuwar sarki. Sai dai hakan ya bar giɓi babba. Wanda ya tsira daga igiya, a da, tambari kawai ake yi masa da wuta a babban yatsa ko a yi masa bulala a sallame shi, domin kurkukun wancan zamani wurin jiran shari'a ne da tsare masu bashi. Ana neman hukuncin da ya fi bulala nauyi amma bai kai rataya ba.

Kasuwar Amurka

Dokar da ta fara aiki a 1718 ita ce ta cike wannan giɓi: shekara bakwai a ƙetare ga mai ƙaramar sata, shekara 14 ga wanda aka yafe wa kisa, kuma duk wanda ya dawo kafin wa'adinsa ya cika, rataya. Gwamnati ba ta gina komai ba, ba ta ɗauki ganduroba ko ɗaya ba. Ta miƙa fursunonin ga 'yan kasuwa, na farkonsu Jonathan Forward, tana biyan fam uku a kan kowane kai, daga baya fam biyar. Ɗan kasuwa ya ƙetare da su teku, ya sayar da aikinsu na shekara bakwai ga masu gonakin taba a Maryland da Virginia. Cinikin ya yi riba har ta kai a 1772 gwamnati ta daina biyan tallafin gaba ɗaya.

Mutanen Amurka da dama ba su ji daɗin abin ba. A 1751 Benjamin Franklin ya yi rubutu cikin gatse yana cewa ya kamata a rama wa Ingila alherinta ta hanyar aika mata da macizai masu dafi. Amma masu gonaki sun ci gaba da saye, domin fursuna ya fi bawa araha. Wani abu kuma da za a riƙe shi ne, a wannan tsari ɗan kwangila yana da dalilin kula da ran wanda ya ɗauko, tunda gawa ba ta sayuwa a bakin teku.

Jiragen da ba sa tafiya, da gwajin Afirka

Yaƙin neman 'yancin Amurka da ya ɓarke a 1775 ya rufe wannan kasuwa, alƙalai kuwa ba su daina yanke hukuncin kora ba. A 1776 majalisa ta amince a riƙa tsare fursunoni a cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka girke a kogin Thames, suna fita da rana suna yashe kogin cikin mari. An ce na ɗan lokaci ne, sai ga shi ya kai shekara 80. Zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa ya kashe ɗaruruwa a shekarun farko.

Daga nan ido ya koma Afirka ta Yamma. A 1782 aka sa wa wasu fursunoni kayan soja aka kai su gaɓar da a yau take ƙasar Ghana, don su yaƙi Holan a wuraren cinikin bayi. Wasu cuta ta kashe su, wasu suka gudu suka koma ɓangaren abokan gaba. Shugabansu, Kyaftin Kenneth Mackenzie, ya sa aka ɗaure ɗaya daga cikinsu a bakin igwa aka harba a sansanin Mouree, kusa da Cape Coast. An yanke masa hukuncin kisa a Landan a 1784, daga baya aka yi masa afuwa. Turawan da ke cinikin bayi a gaɓar su ma ba su so zaman fursunonin ba, domin ganin farar fata a wulaƙance yana rage musu kwarjini a idon sarakunan da suke ciniki da su.

A 1785 aka zo da wata shawara: a zuba fursunoni a tsibirin Lemain da ke can cikin kogin Gambiya, inda garin Janjanbureh yake a yau, a bar su su yi noma su mulki kansu, a girke jirgin yaƙi a ƙasan kogin don hana su gudu. Edmund Burke ya soki shirin a majalisa, yana mai nuna cewa wannan kisa ne aka lulluɓe da sunan rahama, kwamitin majalisa kuma ya yi watsi da shi. Aka aika jirgi ya duba gaɓar kudu maso yammacin Afirka, wajen Namibiya ta yau, ya dawo a 1786 da labarin cewa babu komai sai rairayi da ƙishirwa. A watan Agusta na wannan shekara gwamnati ta tsai da shawara a kan Botany Bay, wurin da James Cook ya yada zango a 1770, wanda Joseph Banks, masanin tsirrai da ya raka shi, ya daɗe yana yabawa. Masana tarihi har yau suna muhawara a kan ko rage cunkoson kurkuku ne babban dalili, ko kuwa neman tashar jiragen yaƙi da kasuwanci a gabashin duniya. Kowanne ne ya fi nauyi, bukatun biyu sun haɗu a kan mutum guda, wato fursunan da za a kawar daga gida a kuma sa shi aiki a waje.

Ayari na farko da yunwa

Ranar 13 ga Mayu, 1787, jirage 11 suka tashi daga Portsmouth ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip, ɗauke da mutane kusan 1,400, fiye da 700 daga cikinsu fursunoni. Akwai Elizabeth Hayward, 'yar shekara 13, wadda ta saci tufafin uwargijiyarta. Akwai Elizabeth Beckford, tsohuwa mai kimanin shekara 70, wadda cuku ta sata, ta kuma rasu a hanya. Akwai John Caesar, baƙar fata ɗan asalin Afirka, wanda aka kama da satar fam 12, daga baya ya zama ɗan fashin daji na farko a tarihin Ostareliya har aka harbe shi a 1796.

Sun yi wata takwas a hanya, suka tsaya a Tenerife da Rio de Janeiro da Cape Town. Gwamnati ce ta ɗauki nauyin kuɗin tafiyar bisa abin da aka kashe, Phillip kuma ya dage a sayi ɗanyen nama da ganye da lemo a kowane zango. Waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba, abin da a wancan zamani ya zama abin mamaki. Da suka ga Botany Bay ba ta da isasshen ruwan sha, sai suka matsa arewa kaɗan, suka sauka a inda birnin Sydney yake ranar 26 ga Janairu, 1788.

Shekara biyu da rabi na farko yunwa ce. Mafi yawan fursunonin 'yan birni ne da ba su taɓa riƙe fartanya ba, ƙasar wurin ba ta da ƙarfi, jirgin da aka aiko da abinci kuma ya yi karo da dutsen ƙanƙara a 1789. Mutum na farko da aka rataye a sabuwar ƙasar, Thomas Barrett, abinci ya sata daga rumbun gwamnati, wata ɗaya kacal da sauka. A 1789 sojoji shida suka bi sahunsa a kan irin wannan laifi.

Fam 17, sule 7 da sisi

Ayari na biyu shi ne ya fi kowane bayyana yadda tsarin yake aiki. Gwamnati ta ga ayari na farko ya ci kuɗi da yawa, sai ta nemi mai araha. Kamfanin Camden, Calvert da King, wanda cinikin bayi ne babbar sana'arsa, ya karɓi aikin a kan fam 17 da sule 7 da sisi ga kowane fursuna da aka ɗora wa jirgi. Kwangilar ba ta ce komai a kan sauke shi da rai ba. An bai wa kura ajiyar nama ke nan.

Lissafin a fili yake. Kuɗin kowane kai ya riga ya tabbata tun daga tashar Ingila, saboda haka duk wanda ya mutu da wuri, abincinsa na sauran watanni ya zama rarar da za a sayar. Aka sa mutane cikin mari irin na bayi a ƙarƙashin jirgi, aka rage musu abinci, ruwan teku yana kwarara a kansu. Yunwa ta kai wasu suna ɓoye mutuwar wanda aka ɗaure su tare don su ci gaba da karɓar rabonsa. Daga cikin mutane sama da 1,000 da jiragen Neptune da Surprize da Scarborough suka ɗauko, fiye da 250 suka mutu a teku, wato ɗaya cikin huɗu. Da suka iso Sydney a watan Yuni na 1790, kusan 500 aka sauke ba sa iya tsayuwa, masu jiragen kuwa suka buɗe kasuwa suna sayar wa garin da ke fama da yunwa kayan da suka rage. Wani hafsan soja da ya yi tafiyar, Kyaftin William Hill, ya rubuta cewa cinikin bayi ya fi wannan sauƙi, domin mai jirgin bayi yana da riba a rayuwar waɗanda ya ɗauko. An gurfanar da shugaban jirgin Neptune a Landan a 1792, aka sallame shi. Kamfanin kuwa tuni ya sami kwangilar ayari na uku.

Gyaran da ya biyo baya bai bukaci sauya halin kowa ba. An fara riƙe wani kaso na kuɗin sai an sauke mutum da rai. Bayan wata mummunar annoba a jirage uku a 1814, likita William Redfern, wanda shi kansa tsohon fursuna ne, ya ba da shawarar a sa likitan sojan ruwa a kowane jirgi, mai iko a kan tsafta da abinci, wanda ba ya ƙarƙashin mai jirgi. Daga 1815 mace-mace suka sauko zuwa kimanin ɗaya cikin 100. Teku dai ita ce ta da, nisan ma bai ragu ba.

Rabon ma'aikata

A Ostareliya kurkukun ba shi da katanga, daji da teku su ne ganuwarsa. Gwamnati takan riƙe masu sana'a, magina da maƙera da kafintoci, ta raba saura ga masu gonaki da makiyayan tumaki. Ubangida ya ciyar ya tufatar, ya sami aiki kyauta, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Doka ba ta ba shi ikon dukan fursuna da hannunsa ba, sai ya kai shi gaban majistare, wanda sau da yawa shi ma mai gona ne da ke riƙe da nasa fursunonin. Bulala 25 ko 50 abu ne na yau da kullum. Mata, su kimanin 25,000, an raba su aikin gida, wadda ta yi ciki ko aka ce ta yi rashin kunya a mai da ita gidan aikin mata a Parramatta ko Hobart. Masu taurin kai kuwa akwai wuraren da aka tanadar musu: Macquarie Harbour da Port Arthur a tsibirin Tasmaniya, da tsibirin Norfolk, inda azaba ta kai matuƙa.

Amma bukatar ma'aikata da ta jawo wannan wahala ita ce kuma ta buɗe ƙofofin da babu su a Ingila. Mai hukuncin shekara bakwai da ya nuna hali na gari yakan sami takardar izinin yi wa kansa aiki bayan shekara huɗu. James Ruse, wanda aka kora saboda fasa gida, shi ne ya fara nuna cewa mutum zai iya ciyar da kansa da noma a ƙasar, aka ba shi eka 30. Henry Kable da matarsa Susannah, dukansu fursunoni, su ne suka shigar da ƙarar farar hula ta farko a 1788, a kan wani shugaban jirgi da kayansu suka ɓace a hannunsa, kotu ta ba su fam 15, alhali a Ingila wanda aka yanke wa kisa ba shi da ikon kai ƙara. Mary Reibey, wadda aka kama da doki na sata tana yarinya, ta zama hamshaƙiyar 'yar kasuwa mai jiragen ruwa, hotonta ne a takardar dala 20 ta Ostareliya a yau. Gwamna Lachlan Macquarie, daga 1810 zuwa 1821, ya naɗa tsofaffin fursunoni a muƙamai, har Landan ta ga hukuncin ya daina ban tsoro, ta aiko da mai bincike, aka tsananta. Kaɗan ne suka koma gida, domin gwamnati ba ta biyan kuɗin jirgin dawowa. Shekara bakwai a takarda, ga mafi yawa, rabuwa ce ta har abada.

Ƙasar da ake rabawa eka-eka kuwa tana da masu ita. 'Yan asalin Ostareliya sun zauna a cikinta dubban shekaru, kuma Birtaniya ta ɗauke ta ba tare da yarjejeniya ko diyya ba. A 1789 agana ta hallaka kusan rabin mutanen yankin Sydney. Yayin da garken tumaki ke kutsawa cikin ƙasa, fursunoni ne makiyayan da ke gaba, su ne ake kashewa, su ne kuma ke kisa. A Tasmaniya yaƙin shekarun 1820 zuwa 1832 ya kusa share al'ummar tsibirin baki ɗaya. Dokar da ta ƙirga satar safa da sule ba ta kira wannan da sunan sata ba, har sai a 1992 babbar kotun Ostareliya, a shari'ar Mabo, ta soke da'awar cewa ƙasar ba ta da masu ita.

Yadda aka daina

Kwamitin majalisa na 1837 zuwa 1838 ya kwatanta rabon fursunoni da bauta, a daidai lokacin da Birtaniya ke alfahari da 'yanta bayi, aka dakatar da kai su New South Wales a 1840. Amma abin da ya fi tasiri shi ne sauyin bukata. Baƙi masu zuwa da kansu sun yi yawa, kuma ba sa son gasa da ma'aikacin da ba a biya. A 1849 dubban mutane suka yi zanga-zanga a Sydney a kan isowar wani jirgin fursunoni, mutanen Cape Town kuma suka hana nasu jirgin sauke kowa. Da aka gano zinariya a 1851, kai ɓarawo kyauta ƙasar da talakawa ke sayar da kayansu don su je ya zama abin dariya. Tasmaniya ta karɓi na ƙarshe a 1853, Birtaniya kuma ta koma ga gina manyan gidajen yari a gida, irin Pentonville da aka buɗe a 1842.

Yanki ɗaya ne ya saura. Ostareliya ta Yamma, wadda aka kafa ba da fursunoni ba, ta rasa ma'aikata har ta roƙi a aiko mata da su, ta karɓi kusan 10,000 daga 1850. Jirgi na ƙarshe, Hougoumont, ya isa Fremantle a watan Janairu na 1868. Faransa, wadda ta fara nata a Guyana ta Faransa a 1852, ba ta kwashe fursunoninta na ƙarshe daga can ba sai 1953.

Shekaru da yawa 'yan Ostareliya sun riƙa ɓoye asalin kakanninsu. A yau ana ƙiyasta cewa ɗaya cikin biyar yana da jinin fursuna, mutane na tono sunayen kakanninsu a kundin kotu da alfahari, UNESCO kuma ta sa wurare 11 na wancan zamani cikin kayan tarihin duniya a 2010. Ranar 26 ga Janairu ita ce ranar ƙasa, 'yan asalin ƙasar kuwa da dama suna kiranta ranar mamaya. Gwamnatoci a sassan duniya har yanzu suna ba da kwangilar ciyar da fursunoni, da jigilarsu, da tsare baƙin haure, ga kamfanonin da ake biya a kan kowane kai. Tambayar da ya kamata a yi wa kowace irin wannan takarda ita ce wadda ba a yi wa ta 1789 ba: a kan me ake biyan kuɗin, ɗaukar mutum ko isar da shi lafiya?